Yadda Ake Rubuta Labarin Tafiya Ya Sa Mai Karatu Ya Ɗaure Kaya

Akwai labarin tafiyar da mutum zai gama karantawa ya ce "lallai wane ya sha kallo", ya ci gaba da harkar gabansa. Akwai kuma wanda zai gama ya miƙe ya buɗe akwati ya duba ko fasfonsa bai mutu ba. Ba tsadar ƙasar da aka je ba ce ke raba su, ba kuma kyawun hoto ba. Abubuwa biyu ne ke zaunar da mutum a gida ko da kuɗin mota a aljihunsa: bai ga abin da zai je nema ba, kuma yana tsoron hanyar da bai sani ba. Rubutun da ya kwaɗaitar bai cire fargaba ba, mafarki ya sayar. Wanda ya jera farashi da sunayen tasha babu ɗanɗano, takardar sanarwa ya rubuta. Sai an haɗa biyun ƙafa ke motsawa.

Don kada maganar ta tsaya a sama, bari mu ɗauki hanya ɗaya mu bi ta: tafiyar mota daga Kano zuwa Kumasi ta bakin teku, wato Legas, Kwatano, Lome, Akara. Ƙasa huɗu, iyaka uku, kuɗi iri uku. Duk abin da ke gyara labarin tafiya ko ya ɓata shi yana cikinta.

Rubutun a hanya yake farawa

Mafi yawan labaran da suka fito salam babu gishiri, tun a mota suka mutu, domin marubucin ya dogara da ƙwaƙwalwarsa. Bayan kwana uku iyakar Seme da ta Aflao sun cakuɗe a kai, an manta wace ce ke da rumfar 'yan canji a hannun dama. Ka riƙe ƙaramin littafi mai shiga aljihu da biro biyu. Waya tana da amfani, amma caji na ƙarewa, kuma a Benin da Togo soket ɗin bango mai rami biyu ne zagayayyu irin na Faransa, ba mai baki uku irin na Najeriya da Gana ba. Wannan ma kansa abin rubutawa ne, don mai karatu zai gode maka ranar da ya sauka a Kwatano da mahaɗin caji a jakarsa.

Duk inda mota ta tsaya, rubuta ƙarfe nawa, da sunan wurin yadda yake a allo da yadda kwandasta ke kiransa, da abin da ka biya da irin kuɗin da ka biya da shi. Sannan ka ƙara abu ɗaya da kunne ya ji, da ɗaya da hanci ko harshe ya ɗauka. Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi aiki. Kafin ka kwanta, ko gajiya ta kai ina, ba da minti ashirin ka mayar da waɗannan guntaye jimloli. Tikiti da rasit kada a yar, su ne shaidarka idan lissafi ya rikice. Wuri ɗaya ne ake mayar da littafi da waya aljihu: gaban jami'an iyaka. Ɗaukar hoto a nan na iya jawo a karɓe wayar a tsare ka awanni. Ka duba da ido, ka rubuta bayan mota ta tashi.

Zare ɗaya

Kuskure na biyu shi ne son faɗin komai. An tashi, an karya kumallo, an sha mai, taya ta yi faci, an isa. Wannan rajista ce, ba labari ba. Kafin ka rubuta jimlar farko, tambayi kanka: da abu ɗaya kawai za a bar ni in faɗa game da tafiyar nan, mene ne? Shi ne zaren, kuma duk abin da bai rataya a jikinsa ba a cire shi ko yana da daɗi.

A wannan hanya zaren da ya fi ƙarfi ga Bahaushe shi ne goro. Shekaru aru-aru fatake na tashi daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da tufafi, madugu na gaba, su yi watanni kafin su kai Gwanja a arewacin Gana ta yau, su dawo da huhunan goron da ya fito daga dazuzzukan Asante. Salaga ce babbar kasuwar. Da yaƙin basasa ya tarwatsa ta a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu bakin teku. Cikin waɗanda suka koma Kete Krachi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a can a 1934. Wurin da ayari ke sauka ya kwana, wato zango, shi ne sunan da unguwannin Musulmi ke amsawa a Gana har gobe.

Da wannan zare a hannu, abubuwan da za a zaɓa suna fito da kansu. A Akara za ka ga an rubuta waakye a jikin rumfa, wake ne da shinkafa. Koko da koose, kokonka ne da ƙosai. Tuo zaafi, tuwon zafi. Mai karatu a Funtuwa ko Maraɗi da ya ji haka sai ƙasar ta daina zama duhu gare shi. Baƙo ko da ido makaho ne, amma ka nuna masa ƙofar da zai shiga ya ji ana yarensa, rabin tsoron ya tafi. Abin lura: tarihin kada ya wuce sakin layi ɗaya ko biyu, kuma ya zo a daidai inda ido ya ga abin da ya tayar da shi, misali gaban mai goro a Kumasi. In ka tara shi a farko kamar darasin aji, an gudu kafin a kai mota.

Inda ake buɗe labari

Kada ka fara da ranar da aka bar gida. Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma mai karatunka ya san hanyar ko ya ji labarinta har ya gaji. Jimla biyu sun ishe ta. Fara da wurin da ya fi kama ka, daga baya ka koma ka faɗi yadda aka zo.

Ga yadda aka saba rubutawa: "Akara birni ne mai kyau da tsafta, mutanensa na da kirki, abincinsu akwai daɗi matuƙa." Babu ƙarya a ciki, amma cire Akara ka sa Dakar ko Alƙahira, jimlar ba za ta ji komai ba. Duk jimlar da za ta zauna daram a kan kowane gari, ba ta kowane gari ba ce.

Ga wata hanyar, a matsayin misali kawai:

"Ƙarfe bakwai na safe a unguwar Nima ta Akara layi ya riga ya lanƙwasa gaban wata mai babbar roba. Ta ɗaga murfi, tururi ya bugi fuska. Shinkafar ja ce, don da karan dafi aka dafa ta tare da waken. Ta shimfiɗa ɗanyen ganye a tafin hannu ta zuba, ta ɗora taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai. Da ta zo kan shito, baƙin yajin nan da ake soyawa da mai da busasshen kifi, sai ta tsayar da cokali a sama ta ɗago kai, ta tambaya da Hausa ko baƙon zai iya."

Ba a ce abincin na da daɗi ba, ba a ce matar na da kirki ba. Cokalin da ya tsaya a sama ya faɗi duka biyun. Dabarar ke nan: sunan unguwa, lokaci, hannu yana aiki, sannan mutum ya yi magana. Irin wannan fage uku sun ishi labari mai kalma 1,200 zuwa 1,800. In sun kai shida, kowanne na rage wa ɗan'uwansa ƙarfi. A hanyar nan ana iya ɗaukar tekun 'yan acaɓa masu rawayar riga a bakin kasuwar Dantokpa a Kwatano, waɗanda ake kira zemijan, da rumfar waakye a Nima, da layin masu goro a Kumasi. Kasuwar Kejetia ta Kumasi kuwa kada ka ce "babba ce ƙwarai". Faɗi minti nawa ka yi kana neman ƙofar da ka shigo.

Iyaka: nan ne ake cin mai karatu ko a rasa shi

Wanda bai taɓa fita ba, ba teku yake tsoro ba, ba abinci ba. Boda yake tsoro. Saboda haka a nan ne ya kamata ka rage gudu, ka bi da shi taki-taki har ya ji kamar ya taɓa wucewa.

Faɗa masa iyakokin da sunansu: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, Aflao tsakanin Togo da Gana. Faɗa masa cewa ƙasashen huɗu duk 'yan ECOWAS ne, kuma yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan ƙasa ɗaya damar shiga ɗaya ba biza har kwana 90. Mutane da yawa ba su san haka ba, kuma wannan jimla ɗaya ta fi shafi guda na yabon gari tayar da mutum. Sai takardu: fasfo mai rai, da katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya bari sai ana jibi tafiya ya makara. Tun 2016 kuma allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Bayyana tsarin yadda yake: kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita daga wannan ƙasa da na shiga waccan. Abin da ke lalacewa shi ne mutum ya miƙa fasfo ga direba ko wani ɗan kamasho, a dawo masa da shi bai buɗe ba, sai a iyaka ta gaba a ga babu hatimin shiga, alhali ga shi yana neman na fita. Ka gaya wa mai karatu ya buɗe ya ƙirga da idonsa kafin mota ta motsa. Idan an nemi kuɗin da babu rasit, rubuta nawa ne kuma a wane mataki, ba tare da sunan kowa ba. Ɓoye wannan cin amanar mai karatu ne, ƙara masa gishiri kuma tsoratarwa ce.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke nuna cewa marubuci ya taka ƙasar da ƙafarsa. Na farko agogo. Najeriya da Benin lokacinsu ɗaya, Togo da Gana suna baya da awa guda, don haka a Hilakonji ake mayar da agogo. Wanda bai sani ba zai yi ta mamakin yadda Magariba ta yi da wuri, ko ya isa tasha awa guda kafin mota. Na biyu faɗin Togo. Bakin tekunta bai fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, kuma Lome na manne da iyakar Gana, har mutum na iya fita daga babban birnin ƙasa ya shiga wata ƙasar da ƙafa. Irin wannan ne mai karatu ke ɗagowa ya faɗa wa na kusa da shi.

Sai kuɗi. Naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Kada ka rubuta farashi da naira kaɗai, domin bayan wata shida ya zama tatsuniya. Rubuta shi da kuɗin ƙasar, ka sa wata da shekara, ka faɗi canjin ranar sau ɗaya. Sefa tana da sauƙi don a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, saboda haka farashin da ka rubuta da ita ya fi daɗewa yana da ma'ana. A Gana kuma ka ja kunne: a 2007 an cire sifili huɗu daga sidi, tsohon 10,000 ya koma sabon 1, kuma har yanzu akan samu dattawan kasuwa suna kiran farashi da tsohon lissafi. Baƙo ya ji an ce dubu hamsin kuɗin ƙaramin abu, sai gabansa ya faɗi a banza.

Ranar tafiya ma dole ta fito ɓaro-ɓaro a rubutun, don ƙa'ida na canzawa. Mai son bi ta arewa, ta Yamai da Wagadugu ya shiga Gana ta Paga, ya sani Nijar da Burkina Faso da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga kuma matsalar tsaro a wasu sassan hanyar. Labarin da aka rubuta kafin nan ba zai zama jagora yau ba.

Yadda ake saka waɗannan bayanai ba tare da an kashe labari ba: kashi biyu labari, kashi ɗaya bayani, kuma kowane adadi ya biyo bayan abin da ido ya gani. An nuna layin masu jira a Aflao, sai a faɗi awa nawa aka yi. An nuna masu tallan burodi sun yanyame mota a Sogakope wajen gadar kogin Volta, sai a faɗi saura nawa a shiga Akara. Legas zuwa Akara bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda yake ci, kuma mai karatu na bukatar sanin cewa iyakoki da cunkoson hanyar Badagry ne ke cinye lokacin, ba nisa ba.

Tambayoyin da ba a yi da baki

Mai karatun Hausa na da tambayoyin da jagororin Turawa ba sa amsawa. Ina zan yi salla? Naman nan yankan wa ne? Mace za ta iya tafiyar, kuma ina za ta sauka? Kudancin Gana yawanci Kiristoci ne, ana sayar da naman alade a fili, don haka faɗin cewa a Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, mutum zai ci hankali kwance ya ji kiran salla, ba ƙaramin taimako ba ne. Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda a Akara, wanda aka buɗe a 2021 da ginin salon Turkiyya, wuri ne da za a ba mai karatu ya yi Juma'a. Ko hukuncin ƙasaru yana da gurbi a jimla ɗaya: a Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ya koma cika salla. Masauki kuma a faɗi unguwa, da ko akwai ruwa da fanka, da tazararsa da tasha. "Otal mai kyau" ba bayani ba ne.

Faɗi abin da bai yi daɗi ba. Zafin bakin teku mai danƙo ne, riga ba ta bushewa a jiki, ba irin busasshen zafin arewa ba. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ake yi sosai a kudu. Akwai sauro. Mai karatu da ya ga ka faɗi aibi zai yarda da kai in ka yaba. Amma aibin hanya daban, raina masu gida daban. Hausar zango ba ta bambanta namiji da mace yadda ta Kano ke yi, za ka ji an ce "ya zo" ana nufin mace. Kawo shi a matsayin abin sha'awa na harshen da ya yi shekaru fiye da ɗari a wata ƙasa, ba abin dariya ba, don su ma suna karantawa. Haka kwatanta komai da gida, "da a wajenmu ne da tuni an ɗauke wuta": sau ɗaya ya isa, in ya yawaita labarin ya tashi daga na Gana ya koma ƙorafin Najeriya. Mutanen da ka zanta da su kuma, nemi izini kafin hoto, kuma "wani mai goro a Aboabo" ya wadatar ba sai da suna ba.

Wani abu da bai kamata a tsallake ba: rubutun da ke iya tayar da mutum yana iya tayar da shi zuwa inda bai dace ba. Kwana 90 na ziyara ne, ba takardar izinin aiki ba ce. In labarinka ya sa saurayi ya ɗauka kuɗi ake shara a titi, ya sayar da babur ya tafi, da hannunka a ciki. Ka raba yawon buɗe ido da ci-rani a fili, ka faɗi kuɗin komowa tare da na zuwa.

Tacewa da rufewa

Bar rubutun ya kwana biyu, sannan ka karanta shi da ƙarfi. Duk inda numfashi ya sarƙe, jimlar ta yi tsawo. Bi da biro ka ja layi ƙarƙashin kowane "mai kyau", "mai ban sha'awa", "gwanin burgewa", ka tambayi kanka me ka gani da ya sa ka faɗi haka, ka rubuta abin a madadinsa. In ba ka tuna ba, goge. Sake duba kowane suna da kowane adadi da littafinka na aljihu. Hoto biyar zuwa bakwai sun isa, kuma fuskarka kada ta wuce ɗaya, don mai karatu kansa yake son hangowa a wurin, ba kai ba.

Daga nan ba wa wanda bai taɓa ƙetare iyaka ba ya karanta, ka yi masa tambaya uku: me ya rage maka a ido, nawa kake ganin tafiyar za ta ci, kuma da za ka tafi wata mai zuwa me za ka fara yi gobe? In ya kasa ta farko, fagagenka ba su da rai. In ya kasa ta biyu ko ta uku, ka ba shi sha'awa ka hana shi hanya.

Rufewar kuma kada ta zama dawowa gida lafiya da godiya ga direba. Rufe da wurin da ba ka kai ba, ka bar wa mai karatu shi. Wanda ya bi zaren goro ya tsaya a Kumasi, Salaga ta rage masa. Sai ya faɗi yadda ake zuwa: mota daga Kumasi zuwa Yeji, a jira jirgin fito a ƙetare tafkin Volta zuwa Makango, daga can a hau wata motar zuwa garin da fatake ke sauke kanwa su ɗauki goro. Ya faɗi cewa a tambayi lokacin tashin jirgin tun a tashar Kumasi, don wanda ya rasa shi a Yeji zai kwana.